Tunau Gyartai da Ƙarshen Tsaga

A ƙauyen Tudun Gwanda an yi wani gyartai mai suna Tunau. Gyartai, ga wanda bai tashi ya tarar da su ba, shi ne mai ɗinke ƙwarya in ta tsage. Hannun Tunau kam Allah ya yi masa baiwa, in ya yi ɗinki sai ka kai ƙwaryar rana kafin ka gane wurin. Bakinsa ne ba a cewa komai. Kana buɗe baki zai ce, "Na sani." Kana sallama zai tambaye ka abin da ya kawo ka. Ko zama bai iya ba, yana kan tabarmar sana'arsa ƙafarsa na kaɗawa kamar mai jin fitsari.

Mutum ɗaya ce ta iya da shi, yayarsa Tasalla. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, ita ta goye shi, ta yaye shi da kunu, da aka yi mata aure ma ta tafi da shi ɗakinta. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Auta take ce masa, har ya yi gemu.

Ran wata kasuwa ta kawo masa ƙwaryar da uwarsu ta bari, ta ɗan tsage a baki. Duk gyartai ya san abin da ake fara yi. Ana bin tsagar da ido har inda ta tsaya, a huda 'yar kafa a nan don kada ta ci gaba da gudu, sannan a soma ɗinki. Tunau ya fi kowa sanin haka. Amma ran nan mutane sun yi masa yawa, ga Tasalla tsaye a kansa tana cewa, "A hankali dai, Auta. Ka fara tsayar da ita."

"Na sani!" in ji shi. Ya soka basilla a tsakiyar tsagar. Ƙwarya ta ce ƙas, ta rabe biyu.

"Haba Auta," in ji Tasalla.

Kunya ta kama shi, shi kuwa in kunya ta kama shi faɗa take zama. Ya ɗaga murya a gaban duk kasuwa. "Kin dame ni da Auta, Auta! Ke kika haife ni? Ke fa ba uwata ba ce!"

Tasalla ta durƙusa ta tsince ɓari biyun, ta ƙulle a bakin zani, ta ce, "Gaskiyarka. Allah ya huci zuciyarka, Malam Tunau." Ta tafi.

Tun daga ranar ta kwanta. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, abinci ne kawai ya fita daga ranta, ruwa ma sai ta kalle shi ta kau da kai. Tunau ya ji labari. Sau biyu yana zuwa har ƙofar gidanta, girman kai ya juyo da shi.

Ran kwana na goma, da rana tsaka, yana zaune shi kaɗai a rumfarsa sai ga wata tsohuwa tsaye a gabansa riƙe da ƙwarya cike da ruwa. Bai ji takunta ba. Da ya dubi ƙasa kuwa, ba ta da inuwa.

"Salamu alaikum, ya mai ɗinke na wasu," in ji ta.

"Me ya tsage?" in ji shi, ko sallamar bai amsa ba.

"Leƙa ka gani."

Ya leƙa cikin ruwan, sai ga Tasalla kwance a kan tabarma, leɓenta duk ya bushe.

"Ka sani, ya ɗan Adam," in ji tsohuwar, "a bayan kogi da daji akwai Birnin Ƙorai. Kowane mai rai yana da ƙwarya a can, cike da ruwan zuciyarsa. Ta yayarka ta tsage ran da ka yi magana, yau kwana goma tana zuba. Abin da ya rage bai fi ludayi uku ba. In rana ta faɗi yau ba a ɗinke ta ba, za ta bushe. Wanda zuciyarsa ta bushe ba ya sake neman ci ko sha, sauran kuwa ka sani."

Tunau ya zabura ya wawuri jakar kayan aikinsa.

"Ajiye," in ji ta. "Kayanku ba sa huda ƙoran can. Basilla da zare a hanya za ka samu, in ka samu."

"To ta ina zan..."

Ta kwara masa ruwan a ƙafa. Rumfa ta ɓace, kasuwa ta ɓace, ya tsinci kansa a bakin wani kogi baƙi ƙirin kamar ruwan marina, ba a hango ɗaya gaɓar.

A bakin kogin akwai jirgi, a cikinsa wani aljani dogo kamar giginya, gemunsa na gansakuka, yana dogare da gora. Tunau ya faɗa ciki. "Kai, ƙetarar da ni, sauri nake!"

"Sannu da zuwa, ya ɗan Adam," in ji aljanin, a hankali kamar ana jawo maganar daga rijiya. "Ni ne Sarkin Jirgi. Ina gajiya?"

"Babu. Mu tafi."

"Ina mutanen gida?"

"Lafiya, lafiya, da gida da awaki da maƙwabta duk lafiya. Tuƙa mana!"

Sarkin Jirgi ya kafa gora. Jirgi ya yi kewaye ɗaya ya dawo ya daki gaɓar da suka baro.

"Jirgin nan gaisuwa yake ci," in ji shi. "Wadda aka amsa da kyau, tuƙi ɗaya. Wadda aka yanke, mu koma farko."

Sau biyu Tunau yana mayar da su farko. Da ya ɗaga kai ya ga rana ta karkace, sai ya tanƙwashe ƙafar nan mai kaɗawa ya zauna a kanta. Aka shiga gaisuwa. Aka gaisa a kan aiki, da sauro, da daminar bara, da kaji, da rufin ɗaki. Shi ma dole ya mayar, ya tambayi lafiyar kifaye da kadoji. Nan ya ji cewa gwiwar Sarkin Jirgi ta yi shekara ɗari uku tana ciwo, ba wanda ya taɓa tambaya. Ya ce masa sannu, kuma abin mamaki, har zuciyarsa ya faɗa. Jirgi ya yi tsalle ya ci tuƙi goma a kan sannun nan ɗaya.

Suna tsakiyar kogi aljanin ya ce, "Ina yayarka?"

"Lafiya lau," in ji Tunau, yadda kowa zai ce.

Jirgi ya yi ƙara, ruwa ya soma ɓulɓulowa ta ƙasa.

"A ƙasarku haka ake amsawa, kuma ba laifi," in ji Sarkin Jirgi. "Amma nan tsakiyar kogi ne, ba ya ɗaukar lafiyar baki. Ina yayarka?"

"Da sauƙi."

Ruwa ya kai gwiwa. Kawunan kadojin da ya gama tambayar lafiyarsu suka fito suka kewaye jirgin.

"Tana kwance! Ba ta ci, ba ta sha!"

Ruwan ya tsaya, amma bai koma ba.

"Me ya same ta, ya ɗan Adam?"

Tunau ya dubi kadoji, ya dubi rana. "Ni na same ta," in ji shi.

Ruwa ya zuƙe, jirgi ya daki ɗaya gaɓar. Sarkin Jirgi ya sa hannu cikin gemunsa ya zaro wata ƙayar kifi fara fat. "Ga basillarka. Ba ta shiga sai inda ya kamata. Ka sauka lafiya."

"Allah ya ba gwiwa lafiya," in ji Tunau, ya kwasa da gudu.

Daji ya tare shi. Kowane reshe da sheƙar rina, rinan kuwa ba kukan rina suke ba, magana suke da muryar Tunau. Ya ji duk abin da ya taɓa faɗa wa mutane. "Wannan ƙwaryar ko akuya ba ta sha a ciki." "Matsa, ka tare mini iska." "Na sani, na sani, na sani." Wata ƙatuwa mai girman kurciya ta bi shi a ƙeya tana ta maimaita, "Ke fa ba uwata ba ce." Ya kai mata duka, ta zama biyu. Ya toshe kunnuwa ya yi ta gudu, ƙaya na yagar rigarsa, har ya faɗo wani fili.

A tsakiyar filin wata mata ce zaune a kan suri, hannuwanta huɗu, tana murza mazari ba auduga.

Wannan karon Tunau ya yi sallama, ko da yake yana haki.

"Wa alaikumus salam. Ni ce Uwar Mazari," in ji ta. "Zare kake nema, kamu bakwai. Audugata a bakin mutane take. Zan yi magana, duk amsar da ta taso maka ka haɗiye ta, ni kuma in jawo ta zare. Ka shirya, ya ɗan Adam?"

"Na shirya. Yi sauri."

"Ɗinkinka na banza ne. Duk ƙwaryar da ka taɓa, kwana biyu take warwarewa."

"Ƙarya kike! Tambayi duk Tudun Gwanda!"

Ɗan zaren da ya soma fitowa daga bakinsa ya tsinke. Uwar Mazari ta yi dariya da haƙora ja. "Mu sake."

Suka sake. Ta ce kunnuwansa kamar faifai, ya haɗiye. Ta ce tafiyarsa irin ta zakaran da aka watsa wa ruwan zafi ce, ya haɗiye. Ta ce wanda ya rasa gona ne ke zama gyartai. Wannan ta yi masa zafi ƙwarai, ga amsa a bakinsa mai daɗi, wadda da a kasuwa ne sai an yi mako ana maimaita ta. Ya danne ta, ta wuce kamar lomar tuwo mai zafi, hawaye ya fito masa. Duk haɗiya ɗaya sai matar ta miƙa hannu bakinsa ta jawo zare fari, ta naɗe a mazari. Inuwar surin kuwa sai tsawo take ƙarawa.

Da aka kai kamu shida sai ta sassauta murya. "Shekarar da aka yaye ka an yi yunwa. Tasalla shekararta goma sha ɗaya. Kwana arba'in tana ba ka rabonta, in an tambaye ta ta ce azumi take koya."

Tunau ya buɗe baki. Ya lalubi amsa, mai zafi ko mai sanyi, bai samu ko ɗaya ba. Bai taɓa jin wannan labari ba. Baƙin ciki ya rufe shi, ya ji ya tsani harshensa. Uwar Mazari ta ja, zare ya yi ta fitowa har ya zarce kamu goma.

"Wannan ba haɗiyewa ka yi ba, rasawa ka yi," in ji ta. "Shi ya fi ƙwari. Karɓi, ka bi gabas, kada ka tsaya."

Bai tsaya ba. Ya haye wani tudu, sai ga Birnin Ƙorai a ƙasa, ganuwarsa duk ƙorai ne a kife, jere kan jere. Ƙofar birnin tsawonta bai wuce ƙirjinsa ba. Ya sunkuya da gudu zai kutsa, ta rage tsawo, goshinsa ya ƙume. Ya sake, ta koma tsawon turmi. Ya dafe ƙulun goshinsa, ya gane. Ya tuɓe takalma, ya durƙusa, ya yi sallama. Shiru. Rana ta yi ja, ƙafarsa na rawa, amma bai yi ko tari ba. Can sai wata murya ta ce, "Shigo." Ya shiga da rarrafe.

Ciki ba gida ba titi, ƙorai ne kawai iyakar ganin ido, manya da ƙanana, ba ka jin komai sai ɗis, ɗis, ɗis ta ko'ina. Wani tsohon aljani ya taho, fuskarsa sumul kamar bayan ƙwarya, da zane-zanen wuta a kumatu.

"Ni ne Ma'ajin birnin nan. Ka makara, ya ɗan Adam, amma ba ka gama makara ba. Biyo ni."

Ya kai shi gaban wata babbar ƙwarya mai faɗin baki. Jikinta duk tsofaffin tsagogi ne ƙanana, an lilliƙe su.

"Ranka ya daɗe, wa ya yi waɗannan?"

"Kai ka tsaga su, shekara da shekaru. Ita ta liƙe su da kanta, ba ta taɓa neman gyartai ba. Wannan ta ƙarshen ce ta fi ƙarfinta."

Sabuwar tsagar ta taso daga baki ta gangaro, ruwa na bin ta. Abin da ya rage a gindi bai cika ludayi ba. Rana ta sauka daidai kan ganuwa. Tunau ya zura zare, ya ɗaga basilla zai soka a tsakiya. Sai ya ji kamar ana cewa a kansa, ka fara tsayar da ita. Ya sauke hannu.

Ya bi tsagar da ido. Ta gangara, ta ratsa ciki, ta kai gefe, ba ta tsaya ba. Ta tsallaka kan wata 'yar ƙwarya mai kaurin baki da ke jingine a jikin babbar, ta bi ta har ƙasa. A nan ƙarshenta yake.

"Wannan ƙaramar fa, ta wace ce?"

"Taka ce," in ji Ma'aji. "Tun da aka ajiye ta a jikin waccan take jingine."

"To a nan zan huda."

"Dakata ka ji sharaɗi, don kada ka ce an cuce ka. Kafar da basillar nan ta huda ba ta toshewa. Daga yau duk maganar da za ka yi sai ta bi ta nan, ka ɗanɗani zafinta kafin wani ya ji. In kuwa ba ka so, ga ƙofa can, ka koma gida da ƙwaryarka lafiya. Ba wanda zai san ka zo."

Gaskiya Tunau ya ji tsoro. Mutumin da rabin maganarsa barkono ce, a ce shi zai fara ci kullum? Ya dubi ƙofa sau ɗaya. Ya dubi ɗan ruwan da ya rage. Ya yi bisimilla, ya kafa basilla a ƙarshen tsagar, ya murza.

Wani zafi ya soke shi a ƙirji har ya faɗi a gwiwa. Amma tsagar ta tsaya. Ya share gumi, ya soma ɗinki, huda ɗaya, zare ɗaya, ja a hankali. Rabin rana ya nutse bayan ganuwa. Duk jikinsa na ce masa ya tsallake, ya yi manyan ɗinki ya gama. Ya taka ƙafar nan da ɗaya ƙafar, bai tsallake ko guda ba. Yana ƙulle zaren ƙarshe sauran rana bai fi bakin faifai ba.

Ya tsuguna ya leƙa ƙasan ƙwaryar. Wani ɗigo ya taru a hankali, ya faɗi.

"Ranka ya daɗe, tana ɗiga!"

"Kai gyartai ne," in ji Ma'aji. "Ka taɓa yin ɗinkin da bai ɗiga ba? Ta daina zuba, iyakar abin da basilla ke iyawa ke nan. Abin da ya rage ƙarin ruwa ne, kullum, kuma ba a nan ake ƙarawa ba."

Ma'aji ya ɗauki wata ƙwarya ya kife masa a ka. Da Tunau ya ture ta, sai ga shi a rumfarsa, ƙafarsa jiƙe, goshinsa da ƙulu, awaki na dawowa daga kiwo.

Ya ɗebi ruwa a moɗa ya nufi gidan Tasalla. A ƙofar ɗakinta ya tuɓe takalma, ya durƙusa, ya yi sallama. Aka daɗe ba amsa. Ya jira.

"Wane ne?" in ji wata murya ƙasa-ƙasa.

"Ni ne, Yaya."

"Au, Malam Tunau ne? Shigo."

Sunan ya yi masa ciwo, nan da nan amsa ta taso, wai har yanzu ba a huce ba. Kafin ta kai harshe ta soke shi a ƙirji, ya ji yadda za ta sauka a kanta. Ya haɗiye. Ya shiga ya durƙusa, ya gaishe ta, gaisuwa mai tsawo irin wadda bai taɓa yi mata ba. Tana kallonsa kamar an sauya mata shi.

"Yaya," in ji shi, "na zo in ce ƙarya na yi a kasuwa. Ni ban san wata uwa ba sai ke. Ran kasuwa mai zuwa zan faɗa a inda na faɗi waccan. Ki yafe mini."

Tasalla ta dubi goshinsa, ta dubi moɗar. Can ta miƙa hannu, ya tallafa mata, ta kurɓa sau ɗaya. Ta huta, ta sake kurɓa. Sannan ta lalubi ƙarƙashin matashi ta jawo ɓari biyun nan na ƙwaryar uwarsu.

"Wannan fa, tana ɗinkuwa?"

"Tana ɗinkuwa, Yaya. Amma za ta ɗau kwanaki, kuma za ta riƙa ɗiga."

"To ba a rumfa za ka yi ba. Kullum ka zo nan ka yi, ina kallo." Ta miƙo masa, ta riƙe ba ta saki ba tukuna. "A hankali dai, Auta."

Bai ce ya sani ba. Ya jira ya tabbata ta gama, sannan ya ce, "To, Yaya," ya sa hannu biyu ya karɓa.